Muryar mai karatu tana ɓacewa in na hau babbar hanya: me zan fara canzawa a motar?

Ɗan Adar

Assalamu alaikum, jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin wutar mota da na sauti.

Aiki ya ajiye ni a Yamai, amma iyali da mahaifiyata suna Tawa. Hanyar nan ta Dosso, Dogon Dutsi, Ƙonni, a karya a Tsarnawa a miƙe arewa, ta zame mini jiki. Wajen kilomita 550 ce, kuma yawanci ni kaɗai ne cikin motar. Corolla ce ƙirar 2006, ta hannu na saya, injinta kuwa ba abin da zan ce sai hamdala. Sautinta ne ya hana ni sakat.

A cikin gari, in ana tafiya sannu-sannu, ba laifi. Da zarar na bar gari na taka ta ta kai 90 ko 100, shi ke nan, ƙugin taya da iska sun rufe komai. In na ƙara murya, ƙofar gefena ta kama wata irin kakkarwa mai shiga kai. Ta dama kuwa tun da na sayi motar muryarta ƙasa-ƙasa take.

Ni ba mai son unguwa ta san na iso ba ne. Abin da nake saurare karatun Alƙur'ani ne, da tafsiri, da labarai, sai tsofaffin waƙoƙinmu na kalangu da gurumi in barci ya fara fizgata bayan Dutsi. Kwanaki na ɗauko Inna zan kawo ta ganin likita, na sa mata karatu don ya ɗebe mata kewar hanya. Ba mu kai Badagishiri ba ta ce, "Kashe shi, ɗan nan, ƙara nake ji, ba na jin harafi." Maganar ta tsaya mini a rai, don tsohuwar nan ba abin da take so a tafiya kamar karatu.

Na leƙa wani shago nan Yamai. Yaron shagon ya nuna mini akwatin bas an rubuta masa 3000 W, da ampili mai ƙara wa sauti ƙarfi, da rediyo mai babban allo, ya ce in na haɗa su duka magana ta ƙare. Jika 180 har da kuɗin aiki. Ni abin da zan iya fitarwa bai wuce jika 80 ba, in an matsa 100. Kuma ba na son a cinye mini kofur, don can nake loda buhun hatsi da albasa in zan dawo.

To, da wannan ɗan kuɗin, me ya kamata in fara da shi? Akwatin nan zai sa a ji harafi tar, ko wani abu ne daban ya lalace? Allah ya saka da alheri.

Baba Mai Wutar Mota

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Inna lafiya, ya ba ka ladan ɗawainiya da ita.

Ƙanena, riƙe kuɗinka tukuna, kada ka sayi akwatin nan. Aikinsa fitar da ƙugin ƙasa ne, abin da ke ƙasa da Hz 80 ko 100 (Hz ma'aunin sauti ne: ƙaramar lamba kauri, babba siriri), wanda ƙirji ke ji fiye da kunne. Haruffan da Inna take nema ba can suke ba. Abin da ke raba sin da shin, ko ta da ka, yana sama, wajen Hz 1000 zuwa 8000, kuma lasifikokin ƙofofin gaba ne ke ɗauke da shi. In sun mutu, ko akwati goma ka jera a baya, ƙara kawai ka ƙara wa tsohuwa.

Kafin komai, a cire marfin ƙofar gefenka a duba. Kusan na san abin da za a tarar. Faifan lasifika yana da zobe mai taushi da ya kewaye bakinsa, shi ke riƙe shi yana ba shi damar shiga da fita. Da yawa da soso ake yin zoben, kuma soso ba ya jure ƙasarmu. A Afrilu da Mayu zafi kan kai digiri 45 a inuwa, balle cikin motar da aka rufe aka bari a rana tun hantsi. Shekara da shekaru a haka, soson ya bushe, ka taɓa shi da yatsa ya zube gari. Faifan ya rasa mai riƙe shi, sai naɗin wayar da ke ciki ya riƙa gogar maganaɗisu. Kakkarwar da kake ji ke nan.

In za ka sayi sababbi, ka nemi masu zoben baƙar roba, ba soso ba, kuma faifan ya zama na roba mai ƙarfi, ba takarda zalla ba, saboda ruwan damina yana bin gilashi ya sauka cikin ƙofa. Su zama masu om 4 (ma'aunin yadda lasifika ke tare wuta), shi ne na mota. A auna faɗin ramin, yawanci santimita 16 ko 16 da rabi ne a irin motarka, a kuma auna zurfi. Na sha ganin an sa lasifika mai ƙaton maganaɗisu, mai mota ya zo sauke gilashi ya ji ƙwas.

Maganar wat kuma, nan ake yi wa mutane wayo, bari in ɗan daɗe a kai. Lambar da ake bugawa da manyan haruffa jikin kwali ta talla ce. Ta gaskiya ita ce wadda aka rubuta RMS kusa da ita, galibi can gefe da ƙananan baƙaƙe. Batir volt 12 ne, in inji na aiki ya kai 14 da ɗoriya. Wat 3000 a kan volt 14 ya haura amfiya 200, altanatar ƙaramar mota kuwa ko 100 ba ta kaiwa, kuma ita ce ke ciyar da fitilu da kilim da komai. Daga ina wutar za ta fito? In kana son sanin gaskiyar kowane ampili, juya shi ka karanta fizibil ɗin da ke jikinsa, abin nan da ke tsinkewa in wuta ta yi yawa. In 20 aka rubuta, 20 sau 14 ya ba ka 280, iyakar abin da zai iya sha ke nan, kuma abin da zai fitar bai kai haka ba. Haka rediyon da aka rubuta wa 4 x 50 W: abin da yake bayarwa tsaf, ba tare da murya ta dishe ba, wat 18 zuwa 22 ne a kowace ƙofa.

Tunda ba ampili za ka sa ba, lambar da ta fi maka amfani ita ce ta dB, wadda ke nuna yadda lasifika ke tashi da wuta kaɗan. Nemi 90 ko sama. Bambancin dB 3 daidai yake da ninka wuta biyu, don haka mai 91 a kan ɗan rediyonka za ta fi mai 88 amo, ko da ita mai 88 ɗin ta fi tsada.

In kuɗi ya kai, ɗauki irin waɗanda aka raba: babbar a ƙofa, ƴar ƙaramar tuwita mai fitar da siririn sauti daban, da ɗan akwatin da ke raba musu sauti. Dalili, lasifikar ƙofa ƙafarka take kallo. Ƙugi yana bazuwa ko'ina, amma siririn sauti miƙewa yake, inda aka nuna shi can yake zuwa. In aka ɗaga tuwita zuwa kusurwar nan ta bayan madubin gefe, muryar mai karatu ta taso daga ƙasa ta dawo gabanka. Ni ba na son ɗora ta a kan tablo, rana ce ke dukanta wuni guda.

Sai ɗauri, wanda a wurina ya kai rabin aikin. Lasifika tana tura iska gaba, tana jan ta a baya. In akwai kafa tsakanin bakinta da ƙarfen ƙofa, na gaba da na baya su haɗu su kashe juna, sauti ya fito fayau ba nauyi. A sa zoben roba da ya dace da ramin, a toshe kewayensa, a ɗaure tam. A manna ɗan fallen butil, wata roba mai danƙo, a ƙarfen da ke bayan lasifikar don ya daina ɓari, ba sai an lulluɓe ƙofa duka ba. Ka tabbata butil ne. Akwai mai araha da ake yi da kwalta, a garinmu narkewa yake, ya zubo cikin ƙofa, motarka ta yi ta wari har ka tsane ta. Ledar nan da kamfani ya manna a ƙofa a mayar da ita yadda take, ramukan ƙasan ƙofa kuma a bar su a buɗe, ta nan ruwa ke fita.

Kada a bari yaro ya juya waya. In ƙofa ɗaya na turawa ɗaya na ja, nauyin murya ya tafi, ka rasa ta ina mai magana yake. Gwajin ba wuya: ɗauki pil mai volt 1.5, taɓa wayoyin biyu da shi ɗan lokaci kaɗan. In faifai ya yo waje, wayar da ta taɓa kan pil ɗin mai alamar tarawa ita ce ta tarawa. A yi wa ƙofofin biyu haka. Tuwita ban da ita, ba a gwada ta da pil.

Kayan jabu sun cika kasuwa, da sunayen Pioneer da JBL da Sony a jiki. Ɗaga ka ji nauyi. Wani maganaɗisun ƙato ne a ido, amma kwanson roba ne aka kifa a kan ɗan mitsitsi. Na hannu na asali, irin wanda ake cirowa daga motocin da suka mutu, in ka dace a kasuwar Katako ko wurin masu kayan mota, ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba, muddin ka danna faifan a hankali ka ji ba ya goga.

Matashin Tawa

Baba ya gama magana, ba ni da ja a kan lasifikan gaba. Amma Yaya, tunda ka ambaci kalangu, ni ina ganin kada a rufe ƙofar bas gaba ɗaya. Ƙugin hanya a ƙasa yake, kuma abin da yake fara cinyewa nauyin ganga ne. Shi ya sa mutum ke murɗa bas na rediyo har ƙarshe, lasifikar ƙofa ta yi ta wahala da abin da ya fi ƙarfinta, murya ta dagule.

Akwai ƙaramin akwati shimfiɗaɗɗe da ake turawa ƙarƙashin kujera, da ampili a cikinsa. Ba ya taɓa kofur ko kaɗan. Shi na sa a tawa. Na yanke shi a Hz 80, na kuma hana ƙofofi duk abin da ke ƙasa da 80 ta saitin HPF na rediyo. Wallahi abin da ya ba ni mamaki, murya ce ta fi washewa, don an sauke wa ƙofofi kaya. In za ka saya nan gaba, nemi mai ampili ajin D, ba ya zafi kamar ajin AB, kuma ƙarƙashin kujera iska ba ta da yawa.

Abu ɗaya da nake roƙonka in ka zo yi: wayar da za a jawo daga batir a sa mata fizibil nan kusa da batir ɗin, kada ya wuce taƙi ɗaya ko biyu. Wayar nan tana ratsa ƙarfen da ya raba inji da ɗaki. In ta goge ta taɓa jiki ba fizibil, gobara ce. Kuma a kankare bakin wayar a gani, da yawa alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama, ciki fari fat.

Direban Ƙonni

Sannunku. Ni ba ma'aikacin wuta ba ne, tuƙi ne sana'ata a wannan hanyar da kake faɗi. Malam Ɗan Adar, ina karatun naka ya fito? In irin wanda ake turawa a WhatsApp ne, wannan ya tura wa wancan, ko wanda yaran tasha ke loda wa mutane a kati, to wani tun daga tushe ya lalace. Akwai tafsirin da aka ɗauka da salula daga bakin lasifikar masallaci, da amsa-kuwwa da kukan yara duk a ciki. Lasifika mai kyau ba za ta gyara shi ba, sai ma ta ƙara tona shi. Nemi karatun da aka ɗauka a situdiyo, MP3 mai lambar inganci (kbps) 192 ko 320, ka zuba a kile na USB. Wanda aka riga aka matse zuwa 64 kuwa, ko an sake juya shi an rubuta 320, abin da ya zube ya zube.

In kuma da ɗan abin nan kake amfani da ake cusawa a ramin kunna taba yana aika sauti ta FM, cire shi, shi kansa shuuu yake kawowa.

Ka duba robobin bakin ƙofa ma. Rana tana busar da su su tsage, iska ta riƙa shigowa tana fito daidai kunnenka, ƙurar hunturu ta bi ta nan. Da na canza nawa sai da na rage murya da kaina. Taya in ta ci gefe ɗaya ita ma kuka take.

Don Allah ko an gyara, a bar kunne ɗaya a waje. Daga Dutsi zuwa Ƙonni da yamma ga amalanke ba fitila, ga dabbobi na tsallakawa, ga masu babur. Ina son in ji odar babbar mota tun tana nesa.

Ɗan Adar

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba, yau da safe muka buɗe ƙofofin da wani makanike maƙwabcina. Yadda ka faɗa haka muka tarar. Ta gefena zoben ya zube, saura ɗan guntu yana reto, ƙasan ƙofar duk baƙin gari. An kafe ta da ribet, sai da muka huda su. Ta dama kuwa ba ta motar ba ce sam. Wanda ya riƙe motar kafin ni ya cusa wata lasifika ta rediyon ɗaki, an rubuta om 8 a bayanta, ƙusa biyu kawai ke riƙe da ita, ga kafa ta ko'ina har yatsa na shiga. Wayoyin an murɗa su ne da hannu an naɗe da sikoc, sikoc ɗin ya narke ya zama danƙo.

Na yanke shawarar bin lasifikan gaba masu tuwita daban, da butil, da robobin ƙofa kamar yadda Malam Direba ya ce. Akwatin ƙarƙashin kujera sai bayan salla in Allah ya hore. Rediyon da ke ciki ba na kamfani ba ne, an canza shi, yana cin kile kuma yana da HPF, don haka zan bar shi.

Saura abu biyu. In na haɗa salula da wayar AUX tana kuma caji, sai in ji wani siririn fito da ke tashi in na taka mai, ya sauka in na saki. Sannan kullum na kashe mota, rediyon ya manta tashoshinsa da saitinsa, sai na sake. Su ma lasifika ce?

Baba Mai Wutar Mota

Madalla, ƙanena. Ka ga dalilin ƙofar dama: mai om 8 rabin wutar da mai om 4 ke ja take ja, ga kuma kafa. Ba yadda za a yi ta yi daidai da ƴar uwarta.

Fiton nan ba lasifika ba ce, kukan altanata ne ya samu hanyar shiga, shi ya sa yake bin ƙafarka. Salular tana haɗe da mota ta hanya biyu, ta caja da ta AUX, kuma mas ɗinsu, wato layin ragewa da ke komawa ƙarfen mota, bai zo ɗaya ba. Zare cajar kana tafiya. In ya ɗauke, ka kama ɓarawon. Mafi sauƙi ka riƙa sa karatun a kile ka bar salula ta yi cajinta. In dole sai AUX, akwai ɗan abin da ake sawa tsakanin wayar yana raba mas ɗin, ba shi da tsada, ko ka canza caja, don masu arahar nan su ma suna da nasu kukan. In kuwa ka zare fiton bai tafi ba, a jawo rediyon a bi baƙar wayarsa. A ɗaure ta a ƙarfen mota na gaske, a kankare fenti har ƙarfe ya yi ƙyalli, wayar ta zama gajera.

Mantuwar kuma wayoyi biyu ne aka juya. Ruwan ɗorawa ita ce ke son wuta kullum daga batir, ita ke riƙe tashoshi. Ja kuma sai an murɗa makulli take samun wuta. Wanda ya ɗaura rediyon ya sa ruwan ɗorawar a layin makulli. Kada a gyara ta hanyar haɗe su biyun a kan batir, kamar yadda wasu ke yi don sauri. Rediyo ba zai riƙa mutuwa da makulli ba, wata rana ka bar mota kwana biyu ka tarar batir ya kwanta. A nemo kowace da fitilar gwaji a ba ta layinta.

Tunda za a buɗe wurin, a bi sauran: fara ƙofar gaba ta hagu, toka-toka ta dama, kore baya hagu, shunayya baya dama, mai baƙin zane a kowace ita ce ta ragewa. Duk inda aka murɗa da hannu a warware a yi dalma, hanyar burji ba ta barin murɗi ya zauna. A cire kan batir na mas kafin a fara. Duk wani soket mai ruwan ɗorawa da ka gani ƙarƙashin sitiyari ko kujera, na jakar iska ne, kada kowa ya kai masa fitilar gwaji.

In an gama, mayar da bas da tirebul sifili, kashe LOUD, tura sauti gaba kaɗan ta FADER, sa HPF a 80. Kada ka biya kuɗin aiki a bakin shago da inji a kashe. Ɗauki mai aikin ku fita hanyar Dosso da kilenka, ku kai gudun da ka saba, shi ya zauna kujerar dama ya saurara, in akwai abin da ke kakkarwa ku dawo ya ɗaure shi a ranar.